Majami'ar Dogon Dutsi da ƙananan ɗakunan ibada na ƙauyukan Arewa

A shekara ta 1947 ne limaman Katolika, waɗanda jama'a ke kira monpera, suka kafa mazauninsu a garin Dogon Dutsi, wajen kilomita 275 gabas da Yamai, a kan babbar hanyar da ta nufi Ƙonni da Maraɗi. Tun daga wannan lokaci sunan misiyo ya shiga bakin mutanen Arewa, kuma da wuya a sami gidan ma'aikaci ko na ɗan kasuwa a Dutsi wanda ba ya da wani da ya taɓa zama a bencin lakwal ɗinta. Amma idan aka tambayi mutane yadda aka yi wannan gida ya kafu, ko kuma abin da ya sa ɗakin ibadar Kirista yake da siffar da yake da ita, kaɗan ne za su iya ba da amsa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Ƙarancinsu ya sa tarihin gine-ginensu yana cikin waɗanda suka fi saurin ɓacewa, musamman ƙananan ɗakunan laka na ƙauye, waɗanda damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta mai da su tsibin ƙasa. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu bayanin asalinsu, da yadda ake gina su, da abin da ke barazana gare su a yau.

Ƙasar da suka tarar

Ba a fahimtar zuwan monpera Dutsi sai an san ƙasar da suka tarar. Arewa ƙasa ce da ta kwanta a gefen Dallol Mawri, tsohon kwarin da ruwa ke kusa da bisa a cikinsa, wanda ya taso daga arewa ya gangara har kusa da Gaya. Tarihin baka ya ce Gubawa ne suka fara zama a nan, su ne masu ƙasa da tsafinta, kuma manyan wurarensu su ne Lugu, mazaunin Sarauniya, da Bagaji, mazaunin Baura. Daga baya Arawa suka zo, waɗanda ke danganta kansu da Ari, ɗan sarkin Barno, suka riƙe sarauta da yaƙi, suka bar wa Gubawa sha'anin ƙasa da iskoki. Matankari ta zama gidan Sarkin Arewa, Tibiri kuma a kudu ta zama gidan Samna. Masanin nan Bafaranshe, Marc-Henri Piault, ya tattara wannan tarihi cikin littafinsa Histoire Mawri, wanda ya fito a 1970.

A cikin ƙarni na 19, lokacin da daular Sakkwato ta mamaye yawancin ƙasar Hausa, Arewa ta kasance cikin yankunan da suka riƙe addinin gargajiya da ƙarfi. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta da kibau, labarin da Abdoulaye Mamani ya mai da littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Bayan da Faransa da Ingila suka daidaita iyakarsu da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, Turawan mulki suka ɗauki Dogon Dutsi a matsayin mazaunin kwamanda, sai garin ya fara girma, Matankari kuwa ta koma baya.

Wannan suna na ƙasar azna shi ne ya jawo hankalin masu wa'azin Kirista. A birane irin su Damagaram da Agadas, inda Musulunci ya yi ƙarnoni da kafuwa, sun san ba su da wata kafa ta shiga. A Arewa kuwa sun yi tsammanin za su sami kunnen da zai saurare su. Abin da ya faru ya saɓa wa lissafinsu, domin a daidai shekarun da suka zauna ne Musulunci ya bazu cikin ƙauyukan Arewa da saurin da ba a taɓa gani ba, ta hanyar fatauci, da cin rani a biranen Nijeriya, da almajiranci, da kuma darajar da salla ke ba mutum a kasuwa da fada. Masaniyar nan Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta bayyana cikin littafin da ta wallafa a 2001 yadda ƴan bori suka ga filinsu yana ƙanƙancewa a gaban masallatai. Kirista sun kasance ƴan tsiraru, kuma girman ɗakunan ibadarsu ya bi girman jama'arsu.

Daga Yamai zuwa Dutsi

Limamin Katolika na farko da ya zauna a Nijar shi ne François Faroud, na ƙungiyar masu wa'azin Afirka ta birnin Lyon, wanda ya iso Yamai a 1931. A 1942 fadar Paparoma ta ware yankin Yamai ta ba shi shugabancin kansa. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, wata ƙungiya dabam ta iso, wato Rédemptoristes, kuma a 1948 aka danƙa mata ragamar yankin, ƙarƙashin Constant Quillard. Wani limami ɗan Italiya, Alphonse de Liguori, shi ne ya kafa wannan ƙungiya a 1732 a garin Scala, kusa da Napoli, da niyyar kai wa'azi ga makiyaya da talakawan karkara waɗanda limaman birni suka yi watsi da su. Wanda ya san wannan asali ba zai yi mamakin ganin ƴaƴanta sun bar babban birni sun nufi gindin dutsen Arewa shekara ɗaya tak bayan isowarsu ba. Babbar majami'ar Yamai ma tana ɗauke da sunan Notre-Dame du Perpétuel Secours, wato Maryamu mai taimakon da ba ya yankewa, sunan wani tsohon hoto da wannan ƙungiya ke kula da shi a Roma.

A 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai, Yamai ta sami bishop na farko, Hippolyte Berlier, shi ma ɗan wannan ƙungiya, wanda ya riƙe kujerar har 1984. Guy Romano ya biyo bayansa, sannan Michel Cartatéguy a 2003. An raba ƙasar biyu a 2001, aka ba Maraɗi nata bishop, Dutsi kuwa ta ci gaba da zama ƙarƙashin Yamai tare da sauran jahar Doso. A 2014 aka naɗa Laurent Lompo, haifaffen yankin Makalondi, ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera.

Ya kamata mai karatu ya bambanta Katolika da ɗaya reshen na Kirista, domin jama'a kan haɗa su. Ƙungiyar SIM ta Furotesta ta riga su shiga ƙasar Hausa ta Nijar, ta sauka a Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma ta zauna a Gesheme, cikin gundumar Tibiri ta yanzu, wadda aka cire daga Dutsi a 2011. Ɗakin ibadar Furotesta ba ya da hotuna ko siffofi, kuma mumbari ne zuciyarsa. Na Katolika kuwa an gina shi ne kewaye da bagade, kamar yadda za mu gani.

Abin da ya ɗaure misiyo da mutanen gari shi ne lakwal, da kula da marasa lafiya, da aikin masera wajen mata da yara, da kuma agajin Caritas a shekarun yunwa na 1973 zuwa 1974 da 1984 zuwa 1985. Mafi yawan waɗanda suka amfana Musulmi ne, kuma Musulmi suka ci gaba da zama. Masu cika majami'a ranar Lahadi kuwa, a Dutsi kamar sauran garuruwan ƙasar, sun haɗa da ƴan gidaje na ƙasa, da ma'aikata da masu sana'a daga Dahome, Togo da Haute-Volta, da ƴan kasuwa daga kudancin Nijeriya. Korar ma'aikatan Dahome da aka yi a ƙarshen 1963, saboda rikicin tsibirin Lete, ta taɓa wannan jama'a ƙwarai a duk faɗin ƙasar.

Daga inuwar itace zuwa shigifa

Majami'ar ƙauye ba ta fara da gini. A ko'ina cikin Sahel matakan kusan iri ɗaya ne. Da fari gidaje biyu ko uku ne ke taruwa ƙarƙashin gawo ko tsamiya, ko a zauren ɗayansu. Idan suka ƙaru sai su kafa rumfa ta kara da zana, wadda ake sabuntawa kowace kaka. Idan aka ga zaman ya ɗore, sai a je wurin maigari a nemi fili, domin a ƙauye ba a aza tubali ba da yardar mai ƙasa ba. Galibi filin da ake bayarwa yana bakin gari ne, kusa da gonaki, shi ya sa matafiyi kan ga ɗakin tsaye shi kaɗai kafin ya shiga cikin gidaje.

Ginin kansa aikin gayya ne, kuma lokacinsa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ilin da hannu ya samu kuma akwai sauran ruwa a tabki. Maza su haƙo laka su cuɗa ta da ciyawa da kashin dabbobi, su bar ta ta kwana ta ruɓa, mata da yara su yi jigilar ruwa. A da tubalin hannu ake yi, mai siffar ƙwai, wanda ake jerawa tsaye ana cike tsakaninsa da laka. Yanzu tubalin da ake bugawa a akwatin katako, mai kusurwa huɗu, ya maye gurbinsa kusan ko'ina. Magini kuwa na gari ne, kuma sau da yawa shi ne dai wanda ya gina masallacin unguwa da rumbunan hatsi, shi ya sa daga nesa ba a bambanta ɗakin ibadar da kowace shigifa, in ban da ɗan gicciyen ƙarfe ko na itace da ke bisa ƙofa.

Limami ba ya zama a irin wannan ƙauye. Yana zuwa daga Dutsi jefi-jefi, gwargwadon hanya da damina. Wanda ke riƙe da jama'a kullum shi ne malamin koyar da addini, mutumin ƙauyen, manomi kamar kowa, wanda aka horar domin ya jagoranci addu'ar Lahadi, ya karanta Littafi, ya shirya masu neman baftisma, ya raka mamaci kabari. Shi ne ke riƙe mabuɗi, shi ne ke ganin tsagar bango tun tana ƙarama. Inda babu kuɗin ƙararrawa, sai a rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a reshen itace ana buga shi, kamar yadda ake yi a lakwal ɗin karkara.

Abin da ke cikin ɗakin

Siffar majami'ar Katolika ta samo asali ne daga manyan zaurukan shari'a da kasuwanci na Rumawa. Bayan da sarki Kustantin ya ba Kirista ƴancin ibada a shekara ta 313, sai suka ɗauki fasalin waɗannan zauruka: ɗaki mai tsawo, ƙofa a gefe ɗaya, wurin shugaba a ɗaya gefen. Tsohuwar al'ada ita ce a mai da wannan gefe na biyu wajen gabas, mafitar rana, ko da yake ba a ɗauki hakan wajibi ba a yau. A ƙasarmu alƙibla ma gabas take, ta ɗan karkata arewa, saboda haka yakan faru masallaci da majami'a su fuskanci kusan waje ɗaya. Bambancin yana ga faɗi da tsawo. Masallaci yana son faɗi domin sahun farko ya ɗauki mutane da yawa. Majami'a tana son tsawo, da hanya a tsakiya wadda limami ke bi ya shiga, masu ibada kuma su bi ta su je gaba su karɓi gurasa.

A ƙarshen ɗakin akwai ɗan tudu, taki ɗaya ko biyu, wanda a ƙauye dakali ne na laka. A kansa bagade yake, wato teburin da limami ke keɓe gurasa da ruwan inabi domin tunawa da jibin ƙarshe na Annabi Isa, wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu. A gefe akwai wurin karatu. A bango akwai gicciye, da siffa ko hoton Maryamu, sau da yawa cikin alkuki irin wanda mata ke ajiye fitila a ciki. A manyan majami'u akwai ƙaramin akwati mai kulle inda ake ajiye gurasar da aka keɓe, da fitila mai ci dare da rana a kusa da shi. Ɗakin ƙauyen da limami ba ya zama a cikinsa galibi ba ya da wannan akwati. A jikin bangaye biyu na gefe kuma akan jera alamu 14, waɗanda ke tuna matakan hanyar gicciye, ana bin su ɗaya bayan ɗaya a ranakun Juma'a na azumin kwana 40 da ke gabatar Ista.

Wannan tsari ya sami babban sauyi a zamanin Berlier. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya ba da izinin yin ibada cikin harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai. Kafin nan bagade manne yake da bango, limami yana juya wa jama'a baya. Bayan taron sai aka janyo bagade gaba, limami ya koma bayansa yana fuskantar mutane. Hausa ta shiga addu'a da waƙa, ganga da ƙwarya suka sami wuri. Cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa ya riga ya fito tun 1932, aka kuma sake fassara shi bayan kusan shekara 50. Wannan taro ne kuma ya fitar da sanarwa a 1965 wadda ta umurci Katolika su dubi Musulmi da girmamawa, su manta da gabar da ta wuce, abin da ya zama ginshiƙin zaman Ikilisiya a ƙasa irin Nijar.

Azara, kwano da zafin bazara

Babbar matsalar magini ita ce rufi. Rufin laka yana zaune ne a kan azara, wato tsagin gangar jikin giginya, wadda gara ba ta ci da sauƙi kuma takan yi shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba. Kurmin giginya na Dallol Mawri, a wajen Gaya, shi ne ya daɗe yana ciyar da maginan yammacin ƙasar. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin laka a tazarar da ta wuce mita 2 zuwa 3. Wanda ke son ɗaki mai faɗi dole ya kafa ginshiƙai a tsakiya, ko ya ɗaura bakan gizo, wato a riƙa fito da azara daga bango hawa-hawa, ana ɗaure ta ana lulluɓe ta da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da wannan fasaha Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ita kuma Falke Barmu ya gina masallacin Yama, a jahar Tawa, wanda aka fara a 1962 kuma ya sami kyautar Aga Khan a 1986.

Ginshiƙi ba ya damun mai salla, tunda sahu yake bi kuma murya yake saurare. A majami'a kuwa kowa yana so ya ga bagade, ginshiƙi sai ya tare ido. Bakan gizo kuma yana bukatar gwanin magini da azara mai yawa, ga shi giginya ta yi tsada tun da aka sa wa saranta doka. Wannan ne ya buɗe wa kwano ƙofa. Da ƴan sandunan ƙarfe ko katako ana rufe ɗaki mai faɗin mita 6 ko 7 cikin kwana biyu, ba ginshiƙi ko ɗaya. Da kwano ya zo, bulo na siminti ya biyo shi, domin a idon jama'a su ne alamar ci gaba, kuma masu ba da taimako daga waje sun fi son abin da za a ce ya gama ke nan, ba sai an sake yaɓe ba.

Amma kowa ya san abin da kwano ke yi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Bangon laka mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya yi, sa'ilin da mutane suka fita. Kwano yana zubo shi nan take a kan masu zama. Da damina kuma, idan ruwa ya sauka, ƙararsa tana rufe muryar mai karatu, iskar da ke gabatar hadari kuma takan yaye rufin gaba ɗaya idan ba a ɗaure shi da kyau ba. Yaɓen siminti a kan bangon laka shi ma yaudara ce: laka da siminti ba sa numfashi tare, ruwa yakan shiga ta tsaga ya maƙale a baya, ya ci bangon a ɓoye, har ranar da fatar simintin za ta faɗo da rabin ginin.

Akwai hanya ta uku wadda aka gwada a ƙasar nan. Tun 1980, a Shikal cikin yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba da itace ba, inda ake rufe ɗaki da tulluwa ko baka na tubali zalla, bisa wata tsohuwar dabara ta mutanen Nubiya a kwarin Nilu. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse, suka mai da tsohon masallacin laka ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Ƙaramar jama'a da ba ta da kuɗin siminti tana iya ɗaukar darasi daga waɗannan misalai, tunda ƙasa da hannu su ne abin da take da su.

Ruwa, wuta da takarda

Abokin gaba na farko shi ne ruwa. Ruwan Arewa bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, amma yakan zo a dunƙule, kuma kwararar da ke sauka daga duwatsu tana da ƙarfi. Ginin laka yana mutuwa ne ta ƙafa da ta ka: ta ƙafa idan ruwa ya kwanta a gindin bango, ta ka idan indararo ya toshe ko ya karye. Maganin sananne ne, wato harsashi na dutse ko burji, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa, da yaɓe kafin kowace damina, da makuba idan an samu. Sai dai yaɓe yana son hannuwa, samarin kuwa suna Yamai, ko Legas, ko Kwatano, ko Libiya. Damina ta 2024 ta nuna cewa ko mashahurin gini bai tsira ba, domin a watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon jama'a.

Na biyu shi ne wuta ta hannun ɗan Adam. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, kuma ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a babban birni kaɗai. Kiristan Nijar ba su da hannu a wannan zane, malamai da yawa kuma sun yi tir da ƙone-ƙonen, an kuma ga Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. A Satumba 2018 aka sace limami Pier Luigi Maccalli a Bomoanga, bai sami kansa ba sai Oktoba 2020. A Mayu 2019 aka kai hari misiyon Dolbel, aka raunata limaminta. A Yuni na wannan shekara aka ƙone wata majami'ar Furotesta a Maraɗi. Waɗannan wurare suna nesa da Dutsi, amma Arewa ma tana kan iyaka, kuma ƴan bindiga sun addabi sassanta a ƴan shekarun nan. Inda hanya ta zama abin tsoro, limami yakan rage zuwa, ɗakin da ba a buɗewa kuwa shi ne ke fara faɗuwa.

Na uku shi ne takarda. Filin da maigari ya bayar da baki shekara 50 da suka wuce, a bakin gari, yau yana iya zama a tsakiyar gari, kuma jikokin mai bayarwa ba lalle ne su tuna da alkawarin kakansu ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye waɗanda ke iya shaida kyauta su ba da takarda. A Yuni 2019 kuma majalisar dokoki ta amince da dokar tsara sha'anin ibada, wadda ta shafi gina wuraren ibada na kowane addini. Duk jama'ar da ke da ɗakin ibada, masallaci ne ko majami'a, gara ta nemi takardunta tun shaidu suna raye.

Abin da za a iya yi

Dokar Ikilisiya ta wajabta wa kowace misiyo ta riƙe littattafan baftisma, da na aure, da na mutuwa, kuma al'adar ƙungiyoyin masu wa'azi ce su riƙa rubuta abin da ke faruwa yau da gobe. A ƙasar da takardar haihuwa ta yi jinkirin isa ƙauye, irin waɗannan littattafai suna da daraja ga kowane mai binciken tarihi, domin a cikinsu akan ci karo da shekarun yunwa, da annoba, da fara, da sunayen garuruwan da suka tashi. Gara da ruwa ba sa tambayar addinin takarda kafin su ci ta. Cibiyar binciken IRSH ta Yamai da jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014, suna iya neman yardar masu su a ɗauki hotonsu a ajiye, a kuma tura ɗalibai su auna gine-ginen, su zana fasalinsu, su ɗauki muryar tsofaffin magina da malaman addini tun suna da ƙarfin magana.

Dokar 1997 kan kare kayan tarihin ƙasa ba ta ware addini ba. Wanda zai ƙidaya abin da Arewa ta gada zai sa dutsen Tunguma na Lugu, da fadar Matankari, da tsofaffin masallatai, da rijiyoyi, kuma bai kamata ya tsallake misiyon 1947 da ƴan ɗakunanta na ƙauye ba. Magajin gari da ma'aikacin filaye suna da rawar da za su taka ta wajen takarda. Ɗan kasuwar da ya yi karatu a misiyo, ko ɗansa ke yi, ya san farashin indararo da na amalanken dutse, kuma ya san ba su kai kuɗin sabon gini ba. Hausawa sun ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma a ƙauye ana gane shi ne ranar gayya, idan maƙwabci ya ɗauko kwandonsa ya zo yaɓen ɗakin da shi ba ya ibada a ciki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye gine-ginenmu da zumuncinmu.